Babi na 7: Ruwa a Ƙarƙashin Injin Wanke-wanke

Ƙara ce ta tashe mu. Wajen ƙarfe biyun dare, a gidan hayarmu da ke hawa na uku a birnin Hamburg, wani gunji marar yankewa yana fitowa daga kicin, kamar injin markaɗe da aka bari yana juyawa babu komai a cikinsa. Uwargida ta zungure ni. "Malam, ba ka jin injin nan? Tun sha ɗaya ya kamata ya gama." Na je na danna maɓallin kashewa, bai tsaya ba. Na buɗe ƙofarsa, bai tsaya ba. Ga kwanuka a jere fes, har sun huce. Da na ja da baya sai na ji safata ta jiƙe sharkaf.

Na wuce akwatin fis na kashe wutar kicin, sannan na durƙusa ƙarƙashin sinki na murɗe famfon da ke ba injin ruwa. Wuta tukuna, sannan ruwa. Wannan kaɗai na yi daidai a daren, shi ma tsoro ne ya koya mini, domin wanda ke tsaye a kan jiƙaƙƙen daɓe ba ya wasa da filogi. Muka shimfiɗa tsofaffin tawul muka koma ɗaki. Kafin barci ya ɗauke ta, uwargida ta yanke hukunci: "Ya tsufa. Gobe sai a nemi sabo."

Shekarar injin takwas. Ba mu muka saye shi a kanti ba. A Jamus an saba ba da hayar gida da kicin tsirara, ba kabad ba murhu, wani lokaci ko sinki babu, don haka mai fita yakan sayar wa mai shiga kayan da ya kafa. Haka muka gaje shi, ba takarda, ba garanti, ba labarin abin da ya sha a hannun masu shi na farko.

Wanda bai taɓa leƙa cikin wannan inji ba yakan zaci cika yake yi har wuya kamar baho, kwanuka su nutse. Ni ma haka na zata. Ashe ruwan da yake ɗiba a karo ɗaya bai wuce lita uku zuwa huɗu ba, ɗan abin da zai kwanta a gindinsa. Wani famfo ne ke zuƙar wannan ɗan ruwan ya tura shi da ƙarfi cikin hannuwa biyu ko uku masu huji-huji. Ƙarfin feshin ya sa su juyawa kamar fanka. Ruwan ya daki kwanuka, ya zubo ƙasa, ya bi ta rariya, a sake zuƙarsa. Haka zai yi ta kewaye har wani ƙaramin famfo na biyu ya kora shi waje, a ɗebo sabo. Injin zamani na ƙasashen Turai yakan gama wanki duka da lita goma ko abin da bai kai ba. A jami'ar Bonn, Farfesa Rainer Stamminger ya taɓa tara mutane sama da ɗari daga ƙasashen Turai daban-daban ya ba su kwanukan cin abinci na mutum goma sha biyu su wanke da hannu. Da aka raba ruwan da suka ɓatar daidai a tsakaninsu, kowane ya haura lita ɗari. Duk yarinyar da ta tashi tana wanke-wanke da roba biyu a tsakar gida za ta yi wa wannan adadi dariya, amma wannan wata magana ce.

Dabarar ta daɗe. A 1850 wani Ba'amurke, Joel Houghton, ya yi rajistar akwatin katako da ake juyawa da hannu yana watsa wa kwanuka ruwa, sai dai bai fitar da datti ba. Wadda ta ci nasara mace ce, Josephine Cochrane ta garin Shelbyville a jihar Illinois, wadda ta gaji da ganin ana gutsure mata tangaran wajen wanki. Mijinta ya rasu a 1883 ya bar ta da bashi, ita kuwa ta duƙufa tare da wani makanike, George Butters, har ta samu takardar mallakar fasaha ranar 28 ga Disamba, 1886. Abin da ta gano shi ne ba a bukatar burushi ko soso. A tsayar da kowane faranti a ragar waya daidai girmansa, a bar ƙarfin ruwa ya yi aikin. Ta nuna injin a babban baje kolin Chicago na 1893, otal-otal da gidajen abinci suka saya. Kamfaninta ya koma hannun Hobart a 1926, kuma daga wannan tsatso injinan KitchenAid suka fito a 1949. A Turai, kamfanin Miele ya fitar da nasa mai amfani da lantarki a 1929.

Duk wannan labari abu ɗaya yake gaya wa mai fama da yoyo. Tunda injin ba ya cika, ƙofarsa ba madatsar ruwa ba ce irin ta Tiga. Asabari ce, aikinta tare feshi. Robar da ta zagaye sama da gefen ƙofar tana mayar da ruwan da ya fantsama, amma a ƙasa abin da ke riƙe ruwa ɗan leɓe ne na jikin akwatin, wanda ya ɗara ruwan tsayi kaɗan. Duk abin da ya ɗaga ruwa sama da wannan leɓen, ko ya doke shi da ƙarfi ta wuri guda, zai zubo da shi waje ko da robar sabuwa ce fil.

Da gari ya waye na buga wa masu gyara na kamfani waya. Suka ce kuɗin zuwa kawai, kafin a taɓa ko noti ɗaya, ya kusa Yuro ɗari, kuma sai bayan kwana tara. Sai na tuna da wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci, wanda ya shekara talatin yana gyaran firji da injin wanki a wannan birni. Bayan la'asar ya iso da 'yar jakarsa, da tocila, da wani ninkakken kwali a hammata.

Bai buɗe jakar ba. Ya tsaya ya dubi daɓen.

"Malam, ruwan wane iri ne?"

"Ruwa dai, Alhaji."

"A'a. Mai sanyi ne ko mai ɗumi? Garau yake, ko da santsin sabulu, ko da ƙarnin miya?"

Na ce ban lura ba. Ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa marar lafiya an riga an zubar da fitsarin gwaji. Bayaninsa mai sauƙi ne. Ruwa mai sanyi garau daga hanyar shigowa yake, wato tiyo ko bawul ɗin da ke buɗe masa, kuma irinsa yana ɗiga ko injin a kashe yake, tunda famfon bango kullum a buɗe. Mai ɗumi da santsi daga cikin kewayen wanki ya ɓalle. Mai datti da ke bayyana can ƙarshen aiki, tiyon fita ne ko inda ya haɗu da gwiwar bututun sinki. Da na taɓa ruwan da yatsa na shinshina kafin in rufe shi da tawul, da na rage mana rabin aiki.

Tambayarsa ta biyu uwargida ya yi wa, daga bakin ƙofa, cikin ladabi: "Hajiya, ko an taɓa zuba masa sabulun wanke-wanke na hannu?" Ta ce Allah ya kiyaye. Ya ce ba raini ba ne, gidaje da yawa ya je ya tarar maganar ke nan. Sabulun hannu an yi shi ne don ya yi kumfa, na inji kuwa an yi shi don kada ya yi. Ɗan abin da ya maƙale a faranti da aka fara cuɗawa a sinki ya isa ya tayar da kumfar da za ta haura leɓen nan ta malalo. Haka ma ruwan ɗauraya mai sa tambulan ƙyalli, idan ya tsiyaye a jikin ƙofa lokacin da ake cika mazubinsa ba a goge ba. Mai gida ya ga ruwa a ƙasa ya ce inji ya fashe, alhali babu abin da ya same shi.

Daga nan ya shiga lalube da hannu. Ya bi robar ƙofa da yatsa tun daga kusurwa har kusurwa yana neman inda ta tsage, ko ta bushe ta ƙandare, ko inda ƙwayar shinkafa ta maƙale ta hana ta kamawa. Ya zaro rariyar ƙasa, abin da ya fito da ita ba zan bayyana ba, sai dai na ji kunya. Ya cire hannun feshi na ƙasa ya ɗaga shi sama yana murɗawa a hankali ta fuskar taga. Waɗannan hannuwa roba ce faifai biyu da aka manne, in zafi ya daɗe yana dukansu sai ɗinkin ya buɗe, ruwa ya riƙa fita ta gefe kamar bulala yana dukan ƙasan ƙofa duk zagaye. Namu lafiyarsa lau. Ya ɗora ma'aunin daidaito a bakin akwatin, don injin da ya rinjaya gaba ruwansa a bakin ƙofa yake taruwa. Shi ma daidai. Duk wannan bai kai minti ashirin ba, kuma babu abin da mai gida ba zai iya yi da kansa ba.

Sai a lokacin ya ɗauki sukundireba. Ya cire katakon da ke rufe ƙafafun injin, ya kwance marfin ƙasa, ya haska. Ga ruwa kwance a wani faffaɗan tire da ke gindin injin, a tsakiyarsa wani ɗan faifai na farar kumfar nan da ake kunshe talabijin da ita a kwali yana yawo a sama.

"Ga mai gunjinka," in ji shi.

Wannan ɗan faifan shi ne mai gadin gida. In ruwa ya taru a tiren sai ya taso, ya danna wani ƙaramin makunni, makunnin ya rufe ruwan shigowa ya kunna famfon fita, kuma ba zai bar shi ya huta ba muddin akwai wuta a jikin injin. Ashe abin da na ɗauka hauka ne, injin ƙoƙarin ceton daɓena yake yi. Kamfanin Bosch ya fito da tsarinsa na irin wannan kariya a 1985 da sunan AquaStop: tiyo a cikin tiyo, da bawul a can bakin famfon bango, ta yadda in na ciki ya fashe ruwan zai bi rigar waje ya gangara tire, faifan ya taso, a datse ruwa tun daga tushe. Injinan da ke da allo sukan faɗi abin da ya faru da lamba: na Bosch da Siemens su nuna E15, na Miele F70, na Samsung LC. Namu tsoho ne, ba shi da baki sai gunji.

Akwai wata dabara da ta cika intanet: a jawo injin, a karkata shi, ruwan tire ya zube, faifan ya sauka, inji ya ci gaba da aiki. Tana aiki kam, kuma ni ina ganin ta fi kowace dabara cutar da masu inji. Wanda ya yi ta bai toshe komai ba, mai gadi ya kora. Ga kuma haɗarin ruwan ya kwarara kan wayoyi da allon lantarki lokacin karkatawar, ana kukan targaɗe sai ga karaya. In za a kwashe ruwan tire, a kwashe da soso, kuma a kwashe don a ga inda sabo zai fito.

Abin da Alhaji ya yi ke nan. Ya tsane tiren ƙarƙaf, ya yanka kwalinsa ya shimfiɗa a ciki, muka mayar da wuta, ya kunna gajeren wanki, ya kwanta rub da ciki da tocila a hannu. Lokacin ɗibar ruwa, kwali a bushe. Da famfon wanki ya tashi, minti biyar, goma, shiru. Sai da ruwan ya ɗauki zafi wani ɗigo ya faɗo, tal, ya bar tabo kamar kwabo. Ya bi sawunsa sama da haske har inda gurbin da ruwa ke taruwa ya haɗu da famfo. Zoben roba ne a wurin, shekara takwas yana shan ruwan zafi da sabulu mai kaifi har ya daina naɗewa. Ɗigo ɗaya a 'yan daƙiƙoƙi. Ya ce wataƙila ya yi wata biyu yana yi kafin tire ya cika.

Kuɗin zoben Yuro goma sha biyu.

A nan ne maganar gyara ko sauyawa take da daɗi, domin lissafin ba ya tafiya yadda ake zato. Masu ba da shawarar sayayya a Amurka sun daɗe suna yaɗa ƙa'idar rabi: in gyara zai ci fiye da rabin kuɗin sabo, a sayi sabo. Wani nazari da ƙungiyar magina gidaje ta Amurka ta fitar a 2007 ya sa tsawon ran injin wanke-wanke a shekara tara, yayin da Miele ke cewa yana gwada nasa a kan aikin shekara ashirin. In aka bi ƙa'idar rabi da farashin kamfani, namu ya mutu: kuɗin zuwa, da awa ɗaya ko biyu na aiki, da zuwa na biyu bayan kayan gyara sun iso, sun kusa kamo kuɗin ƙaramin sabon inji. Amma dubi abin da ya cika lissafin. Zoben ba ya cikin abin da ake ji. Awar ma'aikaci ce mai tsada, kuma ita ce ke tura injina masu sauran ƙarfi zuwa bola a ƙasashen da albashi ke da nauyi. Ƙa'idar tana auna aljihu, ba ta tambayar me ya lalace.

Ni a ganina tambayar da ta fi amfani ita ce: abin da ke yoyon, an yi shi don a riƙa sauyawa, ko shi ne injin kansa? Roba, tiyo, kilif ɗin da ke matse tiyo, hannun feshi, bawul, har famfon fita, duk kamar taya da birki ne a mota. Ba a sayar da mota don taya ta suɗe. Babban famfon wanki, wanda a injina da yawa na yanzu an haɗe shi da hita wuri guda, shi ne kan iyaka: a inji mai shekara huɗu ya cancanci kuɗinsa, a mai shekara goma sha biyu da kwandunansa suka fara tsatsa, sai a yi tunani. Inda babu ja shi ne akwatin kansa. In robar gindinsa ta tsage, ko ƙarfen ya huje, duk wani liƙi na ɗan lokaci ne, zafi da sanyi za su ɓalle shi. Alhaji ya ce yawancin hujin ƙarfe da ya gani gishiri ne sanadinsu. Injinan Turai suna da mazubin gishiri don tausasa ruwa mai alli, in ya zube a gindin akwati aka bar shi ya kwana kwanaki, sai ya ci ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa. Shi ya sa takardun injin ke cewa a kunna wanki nan take bayan an zuba.

A da ko mutum ya so gyara yakan tarar an daina yin kayan. Tarayyar Turai ta taɓa wannan matsala. Daga 1 ga Maris, 2021, dole mai ƙera injin wanke-wanke ya tanadi famfo, mota, hita, bawul da allon lantarki ga masu gyara na aƙalla shekara bakwai bayan ya daina sayar da samfurin, sannan robar ƙofa, maƙalan ƙofa, hannuwan feshi, rariya da kwanduna ga kowa da kowa na shekara goma, kuma ya kawo su cikin kwanakin aiki 15. Faransa ta ƙara da nata: tun ƙarshen 2022 ana liƙa wa waɗannan injina maki daga cikin goma a kanti, mai nuna sauƙin gyaransu. A 2024 Tarayyar ta zartar da dokar haƙƙin gyara, wadda ta ƙara garanti da shekara ɗaya ga wanda ya zaɓi gyara maimakon musanya. Dokokin sun sa zoben roba ya samu. Ba su rage kuɗin awar mai sa shi ba.

Wanda kuma ya yanke shawarar sayen sabo kada ya ɗauka ya rabu da tawul. Yoyo mai yawa a makon farko yake fitowa, daga hannun wanda ya kafa: zoben robar bakin tiyo da aka manta, zaren noti da ya hau a karkace, tiyon fita da aka bari kwance a ƙasa maimakon a ɗaga shi ya yi tudu kafin ya gangara bututu, har ruwan sinki ya riƙa komowa cikin injin. Masu kafa irin wannan inji a Abuja ko Kano ko Yamai, inda ruwa daga tankin sama yake saukowa, suna da ƙarin abin lura. Injina da yawa suna bukatar matsin ruwa na aƙalla rabin ma'aunin "bar", wato tanki ya ɗara famfo da kusan mita biyar, kuma ƙwayar yashi ɗaya daga rijiyar burtsatse ta isa ta hana bawul rufuwa, inji ya yi ta cika a hankali cikin dare. Sa abin tace ruwa a bakin famfo da rufe famfon in za a yi tafiya sun fi kowane garanti arha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bai shafi injin ba. Da muka jawo shi gaba ɗaya, gefen kabad ɗin da ke maƙwabtaka da shi ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi. Kabad ɗin kicin na zamani garin katako ne da aka matse da gam, in ya sha ruwa ba ya komawa. Ƙarƙashinmu kuwa wata tsohuwa ce mai zaman kanta, kuma a Jamus ruwan da ya sauka daga injinka zuwa silin maƙwabci ana iya sa ka biya ɓarnarsa, kuma yana cikin abin da ya sa yawancin mutane ke riƙe da inshorar ɓarnar da ya jawo wa wani. Na sauka na buga mata ƙofa da faɗuwar gaba. Ta shigar da ni kicin ɗinta, muka ɗaga kai tare muka ƙare wa silin kallo. Fari tas. Ta ce in dawo in sake dubawa bayan mako ɗaya, don ruwa ba ya gaggawa.

Zoben ya iso ranar Alhamis. Alhaji ya kwantar da injin a kan bargo, ya sa shi cikin minti arba'in, ya ƙi karɓar fiye da Yuro hamsin duk da rantsuwar da na yi masa. Tsohon zoben ya miƙa wa uwargida. Ta lanƙwasa shi, ya karye a hannunta kamar busasshiyar taliya.

Kafin ya mayar da katakon ƙasa ya yanko sabon kwali, ya rubuta kwanan wata a kai da biro, ya tura shi ƙarƙashin injin.

"Duk Juma'a in ka dawo masallaci ka jawo shi ka duba, Malam. Wata uku."

Na duba sau huɗu, daga nan na manta. Uwargida ce ta ci gaba.